Jawabi a Kan Tada Tsohuwar Bashe: Maganar Ambiriyaji

  

An ce in yi magana a kan tada tsohuwar mota, domin abu ne da ya shafi gidaje da yawa a nan. Kusan kowace unguwa akwai bashe guda da ke zaune bisa duwatsu bayan gida, kaji suna ƙwai cikinta, mai ita kuwa yana ci-rani yana tara kuɗin da zai tashe ta. Kun san yadda abin ke tafiya. A aiko da kuɗin inji, a sayo inji, a ɗora, a murza makulli ya tashi, kowa ya yi murna, a aika wa mai mota labari. Sa'an nan direba ya taka feda zai sa bitesi, sai ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, motar ta ƙi motsawa. Ko kuwa ta tafi lafiya wata biyu, ran kasuwa ta ɗauko buhu goma, ta zo gangaren rairayi ta tsaya tana warin ƙuna. Daga nan zargi ya tashi. Wanda ke waje ya ce na gida ya ci kuɗi, na gida ya ce makaniki ne, makaniki ya ce kayan da anka aiko ne ba su yi ba. Zumunci ya ɓaci a kan wani ƙarfe da tsawonsa bai kai taƙi guda ba. To a kan wanga ƙarfe zan yi magana, wato hanyar da ke tsakanin ƙafar direba da ambiriyaji, abin da ƴan uwanmu na Najeriya ke kira kuloci.

Bari in fara da motocin kansu, don a san inda matsalar ta samo asali. Kamfanin Peugeot na Faransa ya yi 403 daga 1955 zuwa 1966. Ya fito da 404 a 1960, bashenta kuwa, wadda ake ce wa a-kori-kura a Najeriya, ta fito a 1967. 504 ta zo a 1968, bashenta a 1979. A 1975 anka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna, daga can ne da yawa cikin waɗanda munka sani sunka shigo ta Jibiya da Ɗan Isa. An daina yin 404 gaba ɗaya a 1991, a ƙasar Kenya anka haɗa na ƙarshe, 504 kuwa an ci gaba da haɗa ta a Kaduna har bayan shekarar 2000, ita ma yanzu an daina. Ke nan duk wanda zai tada ɗaya cikinsu yau, haɗe-haɗe zai yi. Gangar jiki ta 404 ce, inji na 504 ne ko na Toyota, fedoji kuwa Allah kaɗai ya san motar da anka ciro su. Injin isansi na 404 girmansa 1618 ne, na gazuwal 1948. Mutane sun fi son su sa na gazuwal na 504 mai 2304, ko na Toyota Hilux da ake kira 2L mai 2446, saboda jan kaya. Ba laifi ba ne. Amma inji ba ya zuwa shi kaɗai, da nashi ambiriyaji yake zuwa, wanda ba a yi shi don fedar da ke cikin motarka ba.

Ga dattawan da ba su taɓa leƙa cikin mota ba, ga yadda abin yake. A bayan inji akwai wani babban ƙarfe mai nauyi, zagayayye, yana juyawa tare da inji, shi ne bolan. Akwai wani kuma mai rasor da ke matse da shi, shi ne filato. Tsakaninsu akwai faifai, wato diski, wanda ke sarƙe da sandar da ta shiga buwat. Muddin filato ya matse faifai a jikin bolan, ƙarfin inji na wucewa zuwa tayu. In direba ya taka feda, wani ƙarfe mai baki biyu, furshet, sai ya tura wani zobe mai ƙwallaye da ake kira bite, bite ya danna yatsun filato, filato ya ja baya, faifai ya saki. A lokacin ne ake sake bitesi. Ja da bayan da filato ke yi bai wuce milimetir 2 ba, kaurin tsabar kuɗi. Don a samu wannan, bite na bukatar ya yi tafiyar milimetir 7 zuwa 10, gwargwadon irin filaton. Ƙafar direba kuwa tana tafiyar kamar santimetir 15. Dukan aikin shi ne a mai da santimetir 15 na ƙafa su zama milimetir 9 ko kusa da haka a bakin bite, ba ƙasa ba, ba sama ba.

Hanya uku ake bi. Akwai ta sandunan ƙarfe, irin ta 403 da 404 na farko-farko. Akwai ta kabul, wato waya cikin kube, kamar ta birkin keke. Akwai ta mai, irin ta 404 na baya, da 504, da Hilux, da Land Rover, inda feda ke tura famfo na sama, mai ya bi ta bututu ya tura famfo na ƙasa da ke jikin buwat. Makanikai na ce musu emeter da resepter.

Abu guda ya kamata a riƙe kafin a zaɓi hanya. Feda a jikin mota take, ba ta motsi. Inji kuwa bisa roba yake zaune, yana karkata duk lokacin da anka ba shi wuta, yana rawa a kan gargada. In ka haɗa feda da furshet da sanda guda miƙaƙƙiya, to duk rawar da inji ya yi sai ta zama taka ambiriyaji da sakinsa, mota ta riƙa zabura in za ta tashi, kamar jakin da anka tsikara. Don haka masu yin mota sunka sa wata sanda ta tsakiya a gicciye, wadda ke iya lanƙwasa kai ta bi motsin inji. Tsofaffin motocin kaya na Amurka, su Chevrolet da Ford, haka suke, kan sandar guda a shasi, guda a jikin inji, masu tada su a can ma wannan sanda ce ke ba su wuya in sun sake inji. Da zarar ka ɗora wani inji daban, wurin da kan sandar ke zama ya kauce, ko ya ɓace sam, ko bututun hayaƙi ya bi ta wurin. Ni a ganina, wanda ya sake inji kada ya wahalar da kansa da sanduna, ya koma hanyar mai. Bututu na iya bin kowace kwana, kuma bai damu da rawar inji ba. Kabul ya fi araha, amma ƙurarmu da rairayinmu ba sa barinsa ya daɗe, in ya tsinke kuma ba ya yin sallama.

Yanzu ga lissafin, ku yi haƙuri da ni kaɗan, nan ne kuɗinku ke shiga ko su tsira. Duk wanda ya taɓa ban ruwa da jigo a fadama ya san shi. Itacen jigo na da gefe dogo da gefe gajere, dogon na tafiya mai nisa da sauƙi, gajeren na tafiya kaɗan da ƙarfi. Feda jigo ce. Mu ɗauka, a misali, daga ƙusar da take lilo a kai zuwa wurin taka ƙafa santimetir 30 ne, ramin da sandar famfo ke shiga kuma yana santimetir 5 daga ƙusar. Kashi 6 ke nan. Ƙafa ta yi 15, sandar famfo ta yi santimetir 2 da rabi, wato milimetir 25. Furshet ma jigo ce, mu ce gefenta na waje ya ninka na ciki sau biyu, ke nan abin da anka ba ta rabinsa take kai wa bite.

Saura tsakiya, wato famfo biyu. Ku zuba ruwa daga siririyar kwalba cikin kofi mai faɗi, ruwan bai ragu ba amma tsayinsa ya ragu. Haka mai yake yi. Kuma ba faɗin bakin ake gwadawa kai tsaye ba, sai an buga shi da kansa. Famfon sama mai baki milimetir 16, 16 sau 16 ya ba da 256. Na ƙasa mai 19, 19 sau 19 ya ba da 361. To 256 cikin 361 kusan kashi 7 cikin 10 ne, milimetir 25 ɗin nan sun koma 18, furshet ta raba su biyu, bite ya samu 9. A cire ɗan sararin da ake bari, ambiriyaji ya saki lafiya. Amma a ce injin da anka aiko ya zo da famfon ƙasa mai baki 22, anka bar na sama mai 16. Bambancin 19 da 22 ido ba ya ganinsa sosai, mai sayarwa zai rantse maka ɗaya ne. To 22 sau 22 ya ba da 484, milimetir 25 sun koma 13, bite ya samu 6 da rabi, a cire sarari ya rage 5. Feda ta yi laushi kamar auduga, direba na yabonta, amma faifai bai saki ba, bitesi na kuka. Maganinsa a nan a sayo famfon sama mai 19, domin 361 cikin 484 zai mai da 25 su zama kusan 19, bite ya koma samun 9 da ɗan ɗoriya.

In kuwa anka juya, na sama 19 na ƙasa 16, sai tafiyar ta zama milimetir 35, bite ya shige 17. Feda ta yi tauri, gwiwar direba ta gaya masa kafin ya kai Gidan Rumji, yatsun filato su wuce iyaka su taɓa faifai ko su lanƙwashe, wani lokaci fiston ɗin famfon ƙasa ya fito waje gaba ɗaya mai ya zube a hanya. Wanda ya samu kansa a haka, kafin ya samu famfon da ya dace, a ɗaura masa bulon a ƙasan feda ya tsai da ita daidai inda ambiriyaji ya gama saki.

Ga wurin da na fi so ku riƙe, ko da kun manta sauran. Ƙara tsawon sanda ba ya ƙara tafiya. Abin da ake yi a garaji da yawa, in bitesi ya ƙi shiga, sai a ciro sandar famfon ƙasa a yi mata walda a ƙara mata tsawo, ko a cusa ekuru a bakinta. Nan take bitesi ya shiga, mai mota ya biya ya tafi. Abin da ya faru shi ne an tura bite ya hau yatsun filato tun kafin a taka feda, wato an taka ambiriyaji kwata an bar shi a take dare da rana. Tafiyar tana nan yadda take, wurin farawa kawai anka gusar. Sakamakonsa uku ne. Filato ba ya matse faifai da dukan ƙarfinsa, sai faifai ya riƙa zamewa yana ƙonewa. Bite na juyawa ƙarƙashin nauyi ba hutu, ya yi zafi ya ci kansa. Na uku ya fi muni, domin turin nan yana bi ta bolan ya danna babbar sandar inji gaba, ya cinye ƴan ƙarafan da ke tare ta, wannan kuwa sai an buɗe injin da kunka sha wuya kunka saya. In ana son a ƙara tafiya, ga hanya biyu: a sake girman famfo, ko a gusar da ramin da ke jikin feda nesa da ƙusa. Rami a santimetir 6 maimakon 5 na mai da milimetir 25 su zama 30, feda ta ɗan ƙara nauyi. Amma sai an duba famfon sama yana da zurfin da zai karɓi wannan tafiya, kada fiston ya riƙa bugun ƙarshe.

Kuma in an gusar da rami, dole famfon ma ya gusa, domin sandarsa ta shiga a miƙe. In ta shiga a karkace, fiston zai riƙa gogar gefe guda, cikin ƴan watanni mai ya fara ɗiga bisa takalmin direba. Ƙa'idar ita ce, in feda ta kai rabin tafiyarta, sanda da feda su yi kusurwa kamar ta ginin ɗaki. Haka ma ga masu son su bar sanduna, kowane hannu ya gicciye sandarsa daidai a tsakiyar tafiya.

Bangon ƙarfen da ke tsakanin direba da inji shi ma abin dubawa ne. Ƙafa ta danna da kilo 15, jigon feda ya ninka sau 6, kilo 90 ke nan ke tura famfo, famfo kuma na jan bangon. A motar da anka yi don mai, wurin na da ƙarfi tun daga masana'anta. A wadda anka huda sabon rami, langa-langa ne kawai, ga tsatsa ta shekara 40 ko 50. Bango ya riƙa lotsawa, tafiyar da ya kamata ta je famfo ta ƙare a lanƙwasa ƙarfe, daga baya ya tsage. A sa wani ya taka feda, kai ka tsaya ka dubi famfon, in yana motsi to akwai aiki. Farantin ƙarfe mai kaurin milimetir 3 ko 4, mai faɗin tafin hannu biyu, a ɗaure shi da bulon, ya wadatar. Kuɗinsa bai kai na buhun gawayi ba.

Sai maganar sarari. A hanyar sanduna, feda ta yi tafiyar banza ta santimetir 2 zuwa 3 kafin ka ji nauyi, a gwada da yatsa, ba da ƙafa ba. Wannan sarari raguwa yake yi yayin da faifai ke cinyewa, saboda yatsun filato na tasowa wajen bite, don haka sai an riƙa dubawa. A hanyar mai kuwa akwai wani ɗan sarari da ake mantawa, tsakanin sandar feda da fiston na famfon sama, kamar milimetir 1. Cikin famfon akwai wata ƙaramar huda da mai ke komawa kwalbarsa ta nan in an saki feda. In fiston bai dawo ƙarshe ba, hudar na rufe. Da safe mota lafiya lau, da rana ta yi zafi mai ya kumbura ba shi da hanyar komawa, sai ya taka ambiriyaji da kansa. Motar da ke zamewa da azahar ta warke da asuba, a fara dubawa nan kafin a sauke buwat. Akwai kuma bambanci tsakanin bite. Tsofaffin Peugeot na da na gawayi, wanda ba ya jure taɓawa kullum, wasu motocin baya kuwa an yi nasu don ya zauna yana taɓa filato a hankali, ba su da rasor mai jan furshet baya. Kowane a bi shi da tsarinsa, kada a cire rasor inda yake, kada a ƙara inda babu.

Man da ake zubawa na birki ne, wanda muke kira da sunan Lockheed, a jikin gwangwani za ku ga an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Ba man inji ba, ba man buwat ba, ba ruwan sabulu ba. Man inji na kumbura robobin famfo su lalace cikin kwanaki kaɗan. Gwangwanin da anka buɗe anka bari a sarari kuma yana shan danshi, musamman da damina. Bututun ya zama na ƙarfe irin na birki, a ɗaure shi a jikin mota kada ya yi lilo, sa'an nan tsakanin mota da buwat a sa guntun tiyo na birki mai ɗan saki, don rawar inji. Tiyon isansi ba ya yi, kumbura yake. A nisanta shi da bututun hayaƙi. Famfon ƙasa kuma a ɗaura shi bakin fitar da iska na sama, domin iska sama take hawa, in an kifa shi za a kwana ana famfo feda ba ta yi ƙarfi ba.

Wani abu da ba a danganta shi da ambiriyaji, amma na ga ya kamata in faɗa. Akwai wata waya mai kauri da ke haɗa inji da shasi, ta nan wutar demarer ke komawa batir. In an sake inji anka manta da ita, wutar sai ta nemi wata hanya, ta bi kabul na ambiriyaji ko na totur, ta gasa shi. Kabul da ke tauri ko tsinkewa ba dalili, a nemi wannan waya.

A kan walda kuwa magana ɗaya ce. Feda da furshet da sanduna ba wurin yanke-ka-liƙa ba ne. Ƙarfen gini ba ya zama sandar ambiriyaji. Sanda ta zama mai zare da ekuru biyu, ɗaya na gyara ɗaya na kullewa, ƙusar haɗi kuma a sa mata ƴar fil ɗinta, ba ƙusar kafinta da anka lanƙwasa ba. Hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi Doso da Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram kwalta ce, in abu ya karye akwai mai wucewa. Amma bashen ƙauye ba nan take aikinta ba. Ita ce ke ɗaukar mai naƙuda da tsakar dare zuwa likita ta hanyar rairayi, inda ba a tashi da mota ba ambiriyaji, ba a kuma tura ta. Makanikai kuma, in kun sauke tsohon faifai kada ku hura ƙurarsa da iska ko da baki, na dā da wani abu anka yi su mai suna amiyant, wanda ke lalata huhu, Faransa ta hana aiki da shi a 1997. A goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Yanzu gare ku ƴan uwa masu sayo kaya, ko a Katako ta Yamai, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Ikko, ko Suame ta Kumasi. Na san kuɗin ba a kan hanya kuke tsinto su ba, kuma tun da anka karya darajar sefa a 1994 kayan Turai sunka fi ƙarfin talaka. Amma araha ba ta ado. In za ku sayi inji, ku saye shi da bolan da filato da furshet da bite da famfon ƙasa, duk na jikinsa, ku roƙi famfon sama na motar da anka ciro shi, in da hali har da fedojin. Mai sayarwa yakan cire waɗannan ya sayar daban, ku yi ciniki a kansu tun kafin a biya. In za a bar tsohon buwat, to faifai sai ya dace da haƙoran sandar buwat, faɗinsa kuma ya dace da filaton sabon inji, ku ƙirga haƙoran, ko ku tafi da tsohon faifai a jaka. Bakin sandar ma yana zama cikin wani ɗan zobe a tsakiyar bolan, in bai dace ba faifai ba zai saki daidai ba ko da lissafin feda ya yi. In kuma za a sake buwat tare da inji, ambiriyaji ya yi sauƙi, amma ku sa kuɗin gyaran kardan cikin lissafi, da na huda ƙasan mota, domin sandar bitesin 404 a jikin sitiyari take. Injunan da ke zuwa daga Japan kuma na motoci masu sitiyari a dama ne, bututunsu ba zai kai ba, sai an yi sabo. Ku sa a auna muku bakin famfo biyun da ma'auni a gabanku, ku rubuta lambar a takarda ku aiko da ita tare da kayan.

Ku kuma iyayenmu da ke karɓar mota a gida a madadin mai ita, ba sai kun san ƙarfe ba kafin ku gwada aikin. A tada inji, a taka feda har ƙasa, a ƙirga uku, a sa bitesin baya. A tsofaffin motocin nan shi ne ba shi da abin daidaita gudu, ba ya rufa wa kowa asiri, in ya yi ƙara to faifai bai saki ba. Sa'an nan a ja birkin hannu, a sa duwatsu gaban tayu, a kori yara daga gaba, a sa bitesi na huɗu, a ɗan ba da wuta a saki feda sannu. Inji ya mutu, ambiriyaji na kamawa. In ya ci gaba da juyawa, zamewa yake. Ku lura da inda motar ke fara ja, ya zama wajen tsakiyar tafiyar feda, ba dab da ƙasa ba, ba can ƙoli ba. Bayan haka a ɗora mata kayanta, abin da bai wuce tan guda ba, a tafi da ita da rana tsaka har ta yi zafi, a hau tudu, a shiga rairayi, a dawo a sake gwajin nan biyu, a duba ƙarƙashin feda da jikin buwat ko akwai danshin mai. Sai an yi wannan a cika wa makaniki sauran kuɗinsa. Yaron da za a ba tuƙi kuma a gaya masa ya sauke ƙafarsa daga feda in ba sake bitesi zai yi ba, in ta kafe a rairayi ya rage iskar taya ya tona gabanta, kada ya tsaya yana rabin ambiriyaji har wari ya tashi.

Na kawo famfo biyu, mai 19 da mai 22, da tsohon faifai da ya ƙone, suna nan bisa tabarma. Wanda ke so ya zo ya riƙa ya gani bayan an tashi.